Tanaka Hisashige (1799-1881): Mai Wasan 'Yan Tsana Da Shagonsa Ya Zama Kamfanin Toshiba

A yau za mu yi doguwar tafiya zuwa ƙasar Japan, domin mu kawo muku tarihin wani mai sana'ar hannu wanda da wuya a samu wanda ya taɓa jin sunansa a kasuwar Bawku ko ta Yendi ko ta Salaga, alhali kuwa da yawa daga cikinmu mun sha saye da sayar da kayan da suka samo asali daga shagonsa. Duk wanda ya taɓa kasa rediyo ko talabijin ko fanka ko batir mai ɗauke da sunan Toshiba, to ya ɗan ci arzikin wannan bawan Allah. Sunansa Tanaka Hisashige, kuma sana'ar da ya fara yin suna da ita ita ce ƙera 'yan tsana masu motsi da kansu, waɗanda mutanen Japan ke kira karakuri.

Abin da ya sa na zaɓo shi shi ne, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kasuwar abin da yake sayarwa ta mutu a hannunsa, amma kowane lokaci sai ya ɗauki gwanintar hannunsa ya kai ta inda ake buƙata. Mutanen Salaga ba sa buƙatar a yi musu bayanin yadda kasuwa take mutuwa, domin kakanninsu sun ga yadda ayarin goro ya daina zuwa. Saboda haka ina ganin labarin wannan mutum zai yi mana amfani.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Tanaka ranar 16 ga Oktoba, 1799, a garin Kurume da ke tsibirin Kiyushu, a kudancin Japan. Wato shekara biyar ke nan kafin hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tanaka sunan gidansu ne, domin su a al'adarsu sunan gida ake fara ambata. Sunan da ake kiransa da shi yana yaro shi ne Giemon. Shi ne ɗan fari namiji, mahaifinsa kuwa sana'arsa sassaƙa ɓawon kunkurun teku, yana yin mataji da kayan adon gashi na mata. Aiki ne mai son haƙuri da kaifin ido, kuma a gindin mahaifin nan yaron ya koyi yadda ake yanka ƙaramin abu a goge shi har ya dace da ɗan'uwansa.

Tun bai kai shekara goma ba ya ƙera akwatin ajiye kayan tawada wanda ba ya buɗuwa sai an murɗa wata igiya ta wata hanya da shi kaɗai ya sani. Yana da kimanin shekara 14 kuma ya taimaka wa wata masaƙiya mai suna Inoue Den, wadda ita ce ta ƙirƙiro saƙar da garin Kurume ya yi suna da ita har yau. A wannan saƙa ana ɗaure zare ne a wurare daban-daban kafin a tsoma shi a baba, ta yadda idan aka saƙa sai zane fari ya fito a jikin shuɗi. Duk wanda ya san aikin marinan Daboya da na masaƙan fugu zai gane wahalar daidaita zaren. Yaron ya samo dabarar da ta sa ana iya fitar da hoton abu sosai a jikin yadin.

Sai dai zuciyarsa ba a saƙa ko sassaƙa take ba. A garin nasu akwai wani wurin bauta da ake kira Gokoku, inda ake yin biki mutane su taru, masu wasan karakuri su baje kolinsu. A nan ya fara nuna nasa, har jama'a suka laƙaba masa suna Karakuri Giemon. Daga bisani ya bar wa ƙaninsa gadon sana'ar gidan, abin da ba kasafai ɗan fari yake yi ba a wancan zamani, ya shiga yawon gari-gari da 'yan tsanarsa, ya je Osaka da Kiyoto da Edo, birnin da yanzu ake kira Tokiyo.

Mene ne karakuri?

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san cewa babu tsafi ko siddabaru a cikin wannan sana'a. Babu lantarki, babu batir. Tushenta agogo ne. A shekarar 1551 wani limamin Kirista daga Turai mai suna Francis Xavier ya ba wani sarkin yanki a Japan kyautar agogo, daga nan agogunan Turai suka riƙa shigowa, maƙeran ƙasar kuma suka riƙa kwance su suna duba cikinsu. Da suka gane yadda sifirin da aka yi wa wani yake juya faifai masu haƙora a hankali, sai suka ga ashe da wannan dabara ana iya motsa hannu da ƙafa da wuyan 'yar tsana. Ba su ne farkon masu irin wannan tunani ba, domin tun a shekarar 1206 malamin nan na ƙasar Musulmi, Aljazari, ya rubuta littafi kan agogunan ruwa da na'urori masu motsi da kansu. Amma mutanen Japan sun bi tasu hanyar da kayan da suke da shi.

Faifan masu haƙora da katako suke yin su, kuma ba daga katako ɗaya ake yanko faifan ba. Ana haɗa gutsattsari ne kamar yankan kankana, kowanne jijiyarsa na fuskantar waje, domin kada haƙori ya karye ko faifan ya lanƙwashe in damina ta zo. Sifirin kuwa sau da yawa da wani abu mai kama da ƙaho ake yin sa, wanda ake samu a bakin babbar dabbar tekun nan da ake kira wel. Sauran kayan su ne zaren siliki da tagulla, wani lokaci da zaiba ko yashi ko ruwa, waɗanda nauyinsu ke motsa abin.

Karakuri iri uku ne. Akwai na dandalin wasa, wanda wani mai suna Takeda Omi ya buɗe wa gidan kallo a Osaka a shekarar 1662. Akwai waɗanda ake ɗorawa a kan manyan amalanke ana zagaya gari da su ranar biki. Sannan akwai ƙanana na cikin ɗaki, waɗanda attajirai ke saye domin nishaɗantar da baƙi. Mafi shahara a cikin na ɗaki ita ce 'yar tsana mai kai shayi. Maigida zai yi mata wani, ya ɗora kofin shayi a kan tiren da take riƙe da shi. Nauyin kofin zai danne hannuwanta, ya saki birkin da ke ciki, sai ta kama tafiya wajen baƙo tana gyaɗa kai. Da baƙo ya ɗauke kofin sai ta tsaya cak. In ya shanye ya mayar, sai ta juya ta koma wajen maigida. A shekarar 1796, shekara uku kafin haihuwar Tanaka, wani masani mai suna Hosokawa Hanzo ya fitar da littafi mai suna Karakuri Zui, wanda ya zana cikin irin waɗannan na'urori dalla-dalla, ta yadda duk mai hannu zai iya kwaikwaya.

Yaro maharbi da yaro marubuci

Abin da ya ɗaga Tanaka sama da sauran masu wannan sana'a shi ne 'yan tsana biyu da har yau ake kallonsu ana riƙe baki. Ta farko siffar wani yaro ce, yana zaune a kan akwati da baka a hannun hagu, kibau huɗu kuma suna jere a gefensa. In aka yi masa wani, sai ya miƙa hannun dama ya zaro kibiya, ya ɗora ta a kan tsirkiya, ya ɗaga kai ya dubi abin da zai harba, ya ja, ya saki. Haka zai yi har kibau huɗun su ƙare. Duk wannan motsi yana fitowa ne daga wasu faifai da ke cikin akwatin, waɗanda gefensu ke da tudu da kwari. Yayin da suke juyawa, tudun yana tura wani ɗan sanda, sandan yana jan zare, zaren yana motsa yatsa ko kafaɗa ko wuya.

Wani abin ban sha'awa shi ne, an tsara yaron ta yadda kibiya ɗaya a cikin huɗun za ta kuskure. Mutumin da ya iya sa ta samu sau uku, ba zai kasa sa ta samu sau huɗu ba. Amma Tanaka ya daɗe yana tsaye a gaban 'yan kallo, ya san cewa in yaron bai taɓa kuskurewa ba, mutane za su ga inji ne kawai su wuce. Kuskuren ne yake sa su riƙe numfashi suna jiran kibiya ta gaba. Fuskar yaron ma ba ta motsi, amma an sassaƙa ta ta yadda in ya ɗaga kai sai ka ga kamar yana murna, in ya sunkuyar sai ka ga kamar ya ji kunya. Duk ɗan kasuwar da ya san yadda ake karanta fuskar mai saye zai gane irin ilmin da ke cikin wannan.

Ta biyun kuma yaro ne mai rubutu. Yana tsoma alƙalamin gashi a tawada, ya rubuta harafi a kan takarda yana bin alƙalamin da ido, yana dannawa a inda ya kamata layi ya yi kauri, yana sassautawa a inda ya kamata ya yi siriri. Kalmomi huɗu yake iya rubutawa, ɗaya tana nufin tsawon rai, sauran ukun sunayen itatuwa ne da suke ɗauka alamar alheri, ciki har da gora. In ana son canza kalma sai a canza faifan da ke ciki.

Yunwa da gobara

Kasuwar wasa ba ta ɗore ba. Daga shekarar 1833 Japan ta shiga wata muguwar yunwa da ta ɗauki shekaru, shinkafa ta yi tsada, mutane suka mutu da yawa. Wanda bai ci ba kuwa ba ya biyan kuɗin kallo. A 1834 Tanaka ya koma Osaka, cibiyar kasuwancin ƙasar, ya juya ga ƙera abin da mutane ke buƙata kullum. Ya fara da wani mazaunin kyandir na tagulla wanda ake naɗewa a sa a aljihu, ya samu karɓuwa wajen matafiya da masu magani da ke fita da dare.

A 1837 wani tsohon jami'in hukuma mai suna Oshio Heihachiro ya yi tawaye a Osaka saboda yadda talakawa ke mutuwa da yunwa alhali rumbunan attajirai na cike. An murƙushe tawayen cikin kwana ɗaya, amma gobarar da ta tashi ta cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na birnin. Gidan Tanaka da kayan aikinsa na cikin abin da ya ƙone. Ya kwashi iyalinsa ya koma Fushimi, kusa da Kiyoto, ya sake farawa. Bayan 'yan shekaru kuma, daga 1841 zuwa 1843, hukuma ta kafa dokokin hana almubazzaranci, aka takura wa gidajen wasa da masu sayar da kayan ƙawa. Da a ce ya tsaya kan 'yan tsana kaɗai, da a nan labarinsa ya ƙare.

Abin da ya fitar da shi ita ce wata fitila da ya ƙera a wannan shekara ta gobara. Man da suke kunna fitila da shi na tsirrai ne, mai kauri kamar man gyaɗa, ba ya saurin hawa lagwani, don haka hasken ba shi da ƙarfi, kuma sai an yi ta ƙara mai. Tanaka ya sa wa fitilarsa famfo, iskar da aka matsa tana tura man sama ta cikin bututu a kai a kai, kamar fitilar nan mai famfo da masu shayi da masu tsire suka daɗe suna amfani da ita a wajenmu. Haskenta ya ninka na kyandir kusan sau goma, kuma tana daɗewa ba a taɓa ta ba. 'Yan kasuwa ne suka fi sayenta, domin ta ba su damar yin lissafin littattafansu da dare. Ya kuma ƙera famfon kashe gobara, kasancewar ya san zafinta.

Agogon shekara dubu goma

Da ya samu rufin asiri, yana dab da shekara hamsin, sai ya koma ɗalibi. Ya biya kuɗi ya karanci ilmin taurari da lissafin kalanda a gidan Tsuchimikado, waɗanda su ne masu kula da wannan fanni a fadar Kiyoto. Ya kuma zauna a gaban wani likita mai suna Hirose Genkyo ya koyi ilmin Turawa. A lokacin Japan ta rufe ƙofarta ga Turawa tun 1639, in ban da mutanen Holan da aka bari suna ciniki a wani ɗan tsibiri a Nagasaki, saboda haka yawancin ilmin Turai ta littattafan Holan yake shigowa.

Sakamakon wannan karatu shi ne agogon da ya kammala a 1851, wanda ake kira agogon shekara dubu goma. Tsayinsa kimanin santimita 60, nauyinsa kilo 38, kayan cikinsa sun haura dubu, kuma kusan duka da hannu ya yanka su. An tsara shi ne ya yi shekara guda yana aiki da wani ɗaya. Fuska shida gare shi. Ɗaya tana nuna lokaci irin na Turawa, ɗaya ranakun mako, ɗaya kwanan wata tare da siffar wata daga jinjiri zuwa cikarsa, ɗaya kashi 24 da manomansu suka raba shekara, ɗaya lissafin kwanaki na zagayen sittin da suka gada daga Sin, ta shidan kuma lokaci irin na Japan. A samansa akwai taswirar ƙasar a cikin gilashi, da 'yan ƙwallaye biyu masu nuna inda rana da wata suke.

Fuskar lokacin Japan ita ce mai wuya. Su a da, ba su raba yini zuwa awa 24 masu tsawo ɗaya ba. Daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar duhu kashi shida ne, dare ma kashi shida. To mu nan mun san yadda lokacin asuba da magariba ke matsawa tsakanin bazara da hunturu, amma bambancin a arewacin Ghana bai wuce awa guda da 'yan mintoci ba. A Japan kuwa rana takan haura awa 14 a tsakiyar lokacin zafi, ta sauko ƙasa da awa 10 a lokacin sanyi. Ke nan tsawon kowane kashi yana canzawa duk shekara, kuma masu agogo sai sun riƙa gyara shi da hannu a kai a kai. Tanaka ya ƙirƙiro wani faifai mai haƙora mai siffar ƙwaro, wanda ke sa lambobin da ke fuskar agogon su riƙa matsowa kusa da juna ko su ware da kansu gwargwadon lokacin shekara.

Daga 'yar tsana zuwa jirgin ruwa

A 1853 jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Kwamanda Perry suka iso gaɓar Japan suna neman a buɗe musu ƙofar ciniki, ko ana so ko ba a so. A shekarar ne kuma jiragen Rasha suka zo Nagasaki, inda suka nuna wa jami'an Japan wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya da tururi. Sarakunan yankuna suka gane cewa wanda ba shi da injin tururi da igwa ta zamani, ƙasarsa za ta zama ta wasu. Sarkin yankin Saga, Nabeshima Naomasa, na cikin waɗanda suka fara farga. Wani bafadensa mai suna Sano Tsunetami, wanda suka yi karatu tare da Tanaka a Kiyoto, kuma wanda daga baya ya kafa ƙungiyar Red Cross ta Japan, shi ne ya gayyato shi Saga.

Tanaka ya haura shekara hamsin, bai taɓa ƙera injin tururi ba. Da zanen da ke cikin littattafan Holan shi da abokan aikinsa suka yi amfani, kuma a 1855 suka ƙera ƙaramin samfurin jirgin ƙasa da na jirgin ruwa masu tafiya da tururi. Ya yi aikin tukunyar tururi da na igwa. A 1865 aka kammala jirgin ruwa mai suna Ryofumaru a tashar Mietsu, mai tsawon kimanin mita 18, wanda ake lissafawa a matsayin jirgin tururi na farko mai aiki sosai da aka gina a cikin Japan. Wannan tasha ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2015. A cikin waɗannan shekaru ne kuma babban rashi ya same shi, domin a 1864 aka kashe ɗan riƙonsa da ya shirya ya gaje shi, tare da jikansa, a Nagasaki. Ya koma garinsu Kurume ya ci gaba da yi wa sarkin yankin aiki.

Shagon Ginza da rasuwarsa

A 1868 mulkin ƙasar ya canza, a 1871 kuma sabuwar gwamnati ta rushe sarautun yankuna gaba ɗaya. Sarakunan da ke biyansa albashi suka zama ba su da ƙasa. Ranar 1 ga Janairu, 1873, Japan ta koma kalandar Turawa da awa 24, wato agogon da ya zuba duk ilminsa a ciki ya zama yana nuna lokacin da babu mai aiki da shi. Amma a shekarar ce gwamnati ta kira shi Tokiyo, yana da shekara 73, domin ya ƙera na'urorin wayar tangaraho, waɗanda a da sai daga Turai ake sayo su. Ranar 11 ga Yuli, 1875, ya buɗe shago da ma'aikata a unguwar Ginza, ya kafa allo a ƙofa mai sanar da cewa duk mai son a ƙirƙira masa na'ura ko wace iri ce ya shigo. Wannan shekara ce kamfanin Toshiba yake ɗauka shekarar kafuwarsa. A nan gida kuwa, shekara guda ke nan da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, abin da ya fara karkatar da cinikin goro daga Salaga.

Tanaka Hisashige ya rasu a Tokiyo ranar 7 ga Nuwamba, 1881, yana da shekara 82. Almajirinsa kuma ɗan riƙonsa, Tanaka Daikichi, ya gaje shi, ya kai ma'aikatar unguwar Shibaura a 1882. A 1893 gidan kasuwancin Mitsui ya karɓe ta. A 1939 ta haɗu da wani kamfanin ƙwan lantarki mai suna Tokyo Denki, suka zama Tokyo Shibaura Denki, wanda aka taƙaita zuwa Toshiba, sunan da ya zama na hukuma a 1984. Wani yaron shagonsa ma, Oki Kibataro, ya fita ya kafa kamfanin Oki mai yin kayan waya. Ga masu sayar da kayan lantarki, yana da kyau a san cewa Toshiba ya sayar da mafi yawan sashen kayan gida irin su firji ga kamfanin Midea na Sin a 2016, sashen talabijin kuma ga Hisense a 2018, duk da cewa sunan yana nan a jikin kayan.

Abin da ya rage bayansa

Kamfanin ya sha hawa da sauka, amma abubuwan da Tanaka ya yi da hannunsa suna nan. Agogon yana gidan adana kayan kimiyya na ƙasa da ke Tokiyo, kuma a 2006 gwamnati ta sa shi cikin muhimman kayan gadon ƙasa. A 2004 aka tara injiniyoyi da masu sana'ar hannu fiye da 100 domin su kwance shi su yi irinsa, aka nuna sabon a babban baje kolin duniya na Aichi a 2005. Duk da na'urorin zamani da suke da su, sun sha wuya wajen kwaikwayon wasu sassa, musamman sifirin ɗin tagulla. Yaro marubucin kuwa ya yi shekaru da yawa a Amurka kafin a dawo da shi gida a gyara shi, ya sake riƙe alƙalami bayan fiye da shekara 150 da ƙera shi.

Dalilin da ya sa aka iya tayar da shi shi ne, abin katako da zare da tagulla ana iya buɗe shi a ga abin da ya lalace a sake yankawa. Sana'ar kanta ba ta mutu ba. A birnin Nagoya akwai gidan Tamaya Shobei, waɗanda suka gaji ƙera karakuri har zuwa magaji na tara. A garuruwa irin su Takayama da Inuyama har yanzu ana fito da amalanken biki da 'yan tsanarsu duk shekara, kuma a 2016 UNESCO ta sa bukukuwan amalanke 33 na Japan cikin al'adun da ya kamata duniya ta kiyaye. A manyan ma'aikatun mota na ƙasar ma, ana ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa su ƙirƙiro ƙananan dabarun ɗaukar kaya masu aiki da nauyi da sifirin ba tare da lantarki ba, kuma sunan karakuri suke kiransu da shi.

To jama'a, mu ma muna da irin waɗannan yara. Duk unguwa akwai yaron da ke yin mota da gwangwanin madara da tsohon silifa, ko ya yi jirgi da karan dawa, ko ya kwance rediyon babansa ya sha duka. Akwai mai gyaran agogo da ke zaune a bakin kasuwa wanda ciniki ya guje shi tun da kowa ya koma duba lokaci a waya, akwai mai gyaran rediyo da kayan yanzu suka fi ƙarfinsa domin an yi su ne a yar in sun lalace. Tanaka ya ga irin wannan rana har sau da dama, kuma abin da ya cece shi shi ne hannun da ya saba da aiki mai kyau, da kuma rashin jin kunyar komawa ɗalibi da furfura a kansa. Ɗan kasuwar da Allah ya hore wa, in ya ga irin wannan yaro a gidansa ko a maƙwabta, ya kai shi wajen maƙeri ko makanike ko makarantar koyon sana'a, ya saya masa kayan aiki, ya kuma bar shi ya yi karatun lissafi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba da tarihin wani mashahurin, in Allah ya kai mu.